Galon sojan duniyar da babu ita: yadda ake zana shi

Mai ƙaga labarin kimiyya yakan sha wahala wajen ƙera jiragen sama jannati da raɗa wa duniyoyi suna, amma da ya iso kafaɗar sojansa sai ya kwafo galon Faransa ko aninin Ingila ya liƙa. Abin yana damuna, domin a kafaɗar nan mai kallo ke gane wa ke gaba da wa tun kafin a buɗe baki.

A fara da ƙidaya muƙamai. Tara sun isa: uku na ƙananan soja, uku na hafsoshi, uku na manya. Kowane rukuni da siffarsa, a ce sanda, zobe, da kusurwa uku, sannan adadi ya nuna mataki a cikin rukunin. Dalili kuwa, ido ba ya kama abin da ya wuce huɗu a kallo ɗaya, sai ya tsaya lissafi. Dubi tsarin Faransa da sojojinmu na Nijar suka gada: kaftin galo uku, kumandan huɗu, kanal biyar. Amma na kumandan ba a jere suke ba, uku ne, sai ɗan fili, sai ɗaya. Na kanal uku da biyu. Filin nan shi ke sa a karanta daga nesa.

Sai a tambayi inda mutanen suke zaune. Cikin jirgin da babu nauyi, babu sama babu ƙasa, soja na iya zuwa maka kai a ƙasa. Igiyar saje mai tsini, wadda ma'anarta ke ga inda ta fuskanta, ta tashi aiki ke nan. Zobe da ya kewaye dantse ya fi, don ta kowace fuska iri ɗaya ne. Allurar ƙarfe ma a bar ta: tana iya huda rigar ɗan sama jannati mai riƙe iska, in ta ɓalle kuma ta yi ta yawo har ta faɗa na'ura. Ɗinki ko maƙale ya fi. Hukumar NASA ta binciken sararin samaniya ta Amurka ta ci karo da irin wannan: a hotunan tafiyar Apollo 11 zuwa duniyar wata a 1969 da wuya a bambance mutum biyu cikin fararen riguna, sai daga Apollo 13 aka sa wa kwamanda jan zobe a hannu da ƙafa.

Kada launi kaɗai ya ɗauki ma'ana. Akwai mazan da ba sa raba ja da kore, kuma ƙarƙashin jar fitilar gaggawa jan zare kan farin ƙyalle ɓacewa yake.

Tarihin alamar fa? Nan ne mu ƴan Maraɗi muke da jari. Fadar Katsinar Maraɗi tana da Kaura, shugaban yaƙi, ga Galadima, Durbi da Ƴandaka. Al'ummar da ta taso daga mahaya dawakai za ta iya riƙe siffar linzami ko likkafa a kafaɗa ko da ta shekara dubu ba ta ga doki ba, kamar yadda takobi ke nan a kafaɗar janar na Ingila har yau. In kuma halittun naka yatsu uku gare su, da uku-uku za su yi ƙidaya, galonsu ma ya bi haka.

Wajen gwaji, a yanka kwali santimita 5 a faɗi, 10 a tsawo, ɗaya ga kowane muƙami. Kowace sanda santimita 1, tsakaninsu rabin santimita. A yi masa fotokofi baƙi da fari, a liƙa a bango, a ja da baya mita 10, a sa wanda bai san tsarin ba ya jera su daga ƙarami zuwa babba. Inda ya yi kuskure, nan za a gyara. In fim za a yi, a kai wa baduku ya yanka a fatar jar akuya, ko mai surfani ya ɗinka da zare mai kauri, don siririn layi ba ya fitowa sosai a kyamara daga nesa.