Ku buɗe shafin man kafin ku danna Enter

Wani yaro da ke koyon Linux a wurin aikinmu ya kwafo umarni daga intanet, ya liƙa a taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, yatsansa na kan Enter. Da na leƙa sai na ga rsync, umarnin kwafar fayiloli, da --delete a ciki. Na riƙe masa hannu, na tambaye shi me --delete ke yi. Ya ce ai haka ya gan shi.

Ni ma haka na gan shi a shekarun baya. Ina son kwafe fayilolin aikina zuwa wani faifai, na samo layi irin wannan, na saka sunayen folda, sai na juya su: inda za a kwaso ya zama inda za a zuba. Faifan kusan babu komai a kansa, shi kuwa --delete aikinsa ke nan, ya share duk abin da ke wurin zubawa wanda babu shi a wurin kwasowa. Kafin in farga aikin watanni ya tafi, kuma abin da rsync ya share ba ya shiga kwandon shara.

Har yau in na tuna raina na ɓaci. Amma ba lalaci ne kaɗai ba. Na taɓa buɗe man rsync (man shi ne umarnin da ke nuna shafin bayanin wani umarni), na tarar da rubutu ba iyaka, Turanci mai tsauri, ko hanyar fita ban sani ba, sai na rufe tagar. Ba wanda ya gaya mini q ce ke fitar da mutum, / ke nemo kalma, n ta kai ka wuri na gaba. To, ni ma ban tambaya ba, girman kai ya hana ni. Alhali a shafin nan -n yake, wanda in ka haɗa shi da -v zai jero maka abin da za a share ba tare da ya taɓa komai ba.

Ku yaran yanzu sai ku wuni kan bidiyon koyarwa, amma layi biyu na man ya gagare ku! Tun 1971 ake rubuta waɗannan shafuka a Unix, tsarin da Linux ya kwaikwaya, kuma wanda ke cikin kwamfutarka shi ke bayanin sigar umarnin da kake da ita. Je ka gwada sed -i na Linux, mai gyara rubutu a cikin fayil, a macOS na Apple ka ga bambancin.

Ku fara da --help. In bai isa ba, man. In ba ku san sunan umarnin ba, man -k da kalmar da kuke nema. A bash, manhajar da ke karɓar umarni a taminal, bayanin cd mai sauya folda yana help cd. Tsarin fayil ɗin crontab, mai tsara lokacin gudanar da ayyuka, kuma yana man 5 crontab.

Kada ku ce za ku karanta shafi daga sama har ƙasa, ku nemo abin da kuke buƙata kawai. Kai, ban da rm da duk wani umarni mai sharewa. Waɗannan ku zauna ku karance su kaf, ko da zai ci muku yini.