Yadda Na Koyi Karanta Tsohon Bugun Zane Daga Tawadarsa Da Takardarsa

Sha'awar hotunan ce ta ja ni zuwa tara tsofaffin zane-zanen da aka buga a kan takarda, amma abin da ya riƙe ni a harkar shi ne gano cewa kowace takarda tana ɗauke da shaidar yadda aka yi ta. Kayan aikina ba su wuce madubin ƙara girma da ƙaramar tocila ba, kuma da su nake fara duba duk abin da aka miƙo mini kafin in saurari labarin mai sayarwa.

Hanyar da na fara ganewa ita ce ta katako, inda ake sassaƙe duk wurin da ake so ya fita fari, a shafa tawada a kan abin da ya rage a tsaye, sannan a danna takarda a kai. Haka aka buga zanen karkanda na Albrecht Dürer, mai zane ɗan birnin Nuremberg na Jamus, a 1515. A ƙarƙashin madubi za ka ga tawada ta ɗan taru a gefen layuka saboda matsi, wani lokaci ma sawun layukan yakan bayyana ta bayan takardar.

Bugun farantin jan ƙarfe kuwa shi ya fi cin lokacina, shi ne kuma na fi so. A nan tawada tana zama ne a cikin ramukan da aka haƙa a farantin. Ana goge samansa tas, a ɗora takarda mai damshi, a bi da su cikin injin matsi mai nauyi har takardar ta nutsa ta tsotso tawadar. Idan na kashe fitilar ɗaki na haska tocila daga gefe, daf da fuskar takarda, sai in ga layukan sun ɗago sama, kowane da 'yar inuwarsa, in kuma ga shatin da bakin farantin ya bari kewaye da hoton. Daga nan sai in tambayi kaina: da me aka haƙa layin? Wanda aka yanka da tsinin ƙarfe yakan fara siriri, ya yi kauri a tsakiya, ya ƙare da tsini. Wanda aka zana da allura a kan farantin da aka lulluɓe da kaki, aka bar asid ya ci wuraren da allurar ta buɗe, kaurinsa kusan ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, bakinsa a dakushe, kuma yana yawo cikin sauƙi kamar rubutun alƙalami. Wannan ita ce hanyar da Rembrandt ya shahara da ita a Holan.

Litogiraf, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Jamus a 1796, ba shi da tudu ko rami. Ana zane da abu mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa shi da ruwa, sai tawada ta kama maiƙon ta guji ruwan. Ƙwayoyin inuwarsa a warwatse suke ba tsari, kuma wannan ne ya raba shi da kwafin injin zamani, wanda ɗigoginsa ke jere daidai da juna. Ɗigo mai tsari a kan takardar da aka ce ta shekara 200 ya isa in mayar da ita.

Darasin da ya fi kowane nauyi a wurina shi ne cewa shekarar da aka yi faranti daban, shekarar da aka buga takardar da ke hannunka daban. Francisco Goya, mai zane ɗan ƙasar Sifaniya, ya fitar da jerin zanensa 80 mai suna Los Caprichos a 1799, amma an ci gaba da bugawa daga waɗannan farantan a Madrid har zuwa 1937. Farantan Rembrandt da dama ma sun ci gaba da aiki bayan rasuwarsa a 1669, wasu har an sake bin layukansu don sun suɗe. Jan ƙarfe yana da laushi, kowane bugu yana rage masa wani abu. Na taɓa riƙe wani bugun baya na Goya ina gwada shi da hoton bugun farko da ke littafin wani gidan tarihi: mutanen suna nan yadda suke, amma duhun daren da ke bayansu ya koma toka-toka mai dabbare-dabbare, har tsoron da zanen ke sa wa mai kallo ya ragu ƙwarai. Ba na ɗaukar irin wannan bugu a matsayin jabu, ina ma sayen sa idan an faɗa mini gaskiyarsa, domin farantin daga hannun mai zanen ya fito. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a sayar da shi da sunan bugun farko.

Takarda ce ke warware yawancin irin wannan gardama. Idan na ɗaga ta sama ga haske, takardar da aka yi da hannu daga tsummoki tana nuna layukan wayar matacin da aka tsamo ta da shi, sau da yawa har da tambarin masana'antar da ta yi ta a cikin jikinta. Takarda mai sumul, marar waɗannan layuka, ta fara fitowa ne a Ingila daga wajen James Whatman a shekarun 1750, saboda haka bugun da aka ce na zamanin Dürer ne ba zai zo a kanta ba. Ta niƙaƙƙen itace da ta yawaita daga rabin ƙarshe na ƙarni na 19 tana yin ja, ta bushe, ta riƙa karyewa a gefe. Lambar fensir da sa hannu a ƙasan hoto ma al'ada ce ta ƙarshen ƙarni na 19, don haka ganin ta a bugun da ya girmi wannan lokaci yana sa in ƙara bincike. Shatin faranti shi kaɗai ba hujja ba ne, tunda ana iya danna farantin da ba komai a kansa a kan kwafi.

Wajen adana, ina nisanta su da hasken rana da damshi, ba na yanke gefensu, ba na kuma yarda gam ko salatif ya taɓa su. 'Yar takardar Japan da ƙullin sitacin alkama kawai nake maƙala su da shi. Saboda duk wannan ne nake roƙon mai sayarwa ya cire bugu daga firam kafin mu yi maganar kuɗi, domin gilashi yana ɓoye tudun tawada, kwalin gefe yana rufe shati da yagewa, bayan takardar kuma a nan ake samun hatimin waɗanda suka mallake ta a baya da alamun gyara. Wanda ya ƙi cirewa, nakan yi masa godiya in bar masa kayansa.