Takalman Sallah da motar Baba

Jiya Baba ya dage sai ya kai ni Kasuwar Ƙofar Wambai da tsohuwar motarsa sayen takalman yara. Ban ɗauki yaran ba, wa zai shiga cunkoson azumi da yara huɗu? Tsinken tsintsiya na karya daidai ƙafar kowa, na zuba a aljihu yadda Inna take yi mana. Garin zaro kuɗi tsinken Auta ya ƙara karyewa, sai da ido na ƙiyasta nata. Mai shagon ya ce in ƙara lamba ɗaya, ƙafar yaro ba ta jiran kowa.

Da muka fito mota ta ce ba ta san zance ba. Makulli sai ƙyas-ƙyas, batir ya kwanta. Ni da wasu 'yan dako biyu muka tura, bakina a bushe, Baba kuwa yana kan sitiyari yana ba mu tarihi. Wai mu gode Allah, motocin farko irin Ford Model T ta 1908 da hannu ake murɗa su daga gaba, in injin ya yi tutsu ƙarfen ya dawo ya karya maka hannu. Sai 1912 Cadillac ta fito da sitata ta lantarki.

Na ce, "Baba, to taku a wace shekarar ta tsaya?" Bai kula ni ba.

Takalmin Auta dai ya yi mata yawa, mun cusa takarda a gaba.