Ƙannena masu koyon kod, ku daina kwafe lissafi wuri-wuri

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, daga Samaru har Tudun Wada, ina so mu yi maganar subrutin, wanda a harshen rubuta manhaja na Python kuka fi sani da fankshin. Guntun umarni ne da ake warewa gefe a raɗa masa suna. Duk inda aka buƙace shi sai a kira sunan, a miƙa masa bayanai, ya yi aikinsa ya dawo da amsa. Kwamfuta kan ajiye adireshin inda aka yi kiran, don in ya gama ta koma ta ɗora daga nan. Kamar zuwa wurin mai injin niƙa ne: ka kai masara, ka karɓo gari, ba ruwanka da abin da ke cikin injin.

Na haddace wannan tun a aji, amma hannuna ya saba da kwafe-kwafe. Na taɓa rubuta wa wani ɗan kasuwa a Sabon Gari manhajar shago, na zuba lissafin harajin VAT duk inda ya taso: a rasit, a jimillar cinikin yini, a rahoton wata. Da harajin ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, na bi ina gyarawa, wuri guda ya kuɓuce mini. Rasit na faɗin wani abu, jimillar yini na faɗin wani. Alhaji ya fara zargin yaron shagonsa, bawan Allah da bai ci nanin ba, kafin na gano laifin nawa ne. Har yau abin na damuna. Da fankshin guda na yi, layi ɗaya zan taɓa a wuce wurin.

Daga nan kuma na zarce gona da iri: na tattara komai a fankshin ɗaya, shi ne lissafi, shi ne buga rasit, shi ne rage kaya a sito. Ba ya gwaduwa sai an kunna firinta. Ku bar kowane fankshin da aiki guda, sunansa ya faɗi aikin. Abin da yake buƙata ku miƙa masa ta ƙofa, kada ya riƙa taɓa bayanan da ke wajensa, don in sun canza ba za ku san wanda ya canza su ba.

Dabarar ta daɗe. Maurice Wilkes da David Wheeler da Stanley Gill, masu aiki da kwamfutar EDSAC a Kambrij, sun bayyana ta a rubuce tun 1951, lokacin da ake adana subrutin a zaren takarda mai huda-huda, kowa ya ara. A 1958 harshen rubuta manhaja na FORTRAN II ya ba mai rubuta kod damar ƙirƙirar nasa.

Ku buɗe aikin da ke hannunku yanzu, ku nemi layukan da suka maimaitu, ku kwashe su zuwa wuri guda. Sannan ku gwada fankshin ɗin shi kaɗai da lambobin da kuka riga kuka lissafa da biro, har da sifili.