Cike tsakanin bulon intalok da yashi mai danƙo

Ƙanena mai koyon shimfiɗa intalok, jerin bulo shi ido yake gani, amma abin da ke riƙe da shi yana cikin ɗan tsagin nan na tsakani. Yashi mai danƙo a buhu yake zuwa, an gauraya shi da garin polima, sinadarin da ke ba shi danƙon. In ya sha ruwa ya bushe sai ya kama, ciyawa ta rasa wurin tsirowa, tururuwa ta kasa kwashe shi. Sai dai ba ya son ganganci, kuma kusan kullum a wuri uku muke ɓata shi: laima, daɓe da ban ruwa.

Kada ka buɗe buhu sai bulon ya bushe ƙayau, har cikin tsagin. Sa yatsa ko ƙusa ka duba. Da ɗan danshi kaɗan danƙon zai farka tun kana shara, ya manne a fuskar bulo ya bar farin tabo mai wuyar fita. Shi ya sa rani ya fi dacewa da wannan aiki. Da damina, in ka ga hadari ya haɗo, bari sai wata rana, domin yana bukatar kamar awa 24 ba ruwan sama.

Kafin yashin, tabbatar an kafa shingen gefe, kuma wurin yana da gangara kamar santimita 2 a kowace mita. Inda ruwa ke kwanciya, danƙon ba ya taɓa yin tauri.

Zuba yashin kaɗan-kaɗan, ka tura shi cikin tsagi da burushi. Kada ka ja shi da nisa, garin yana rabuwa da yashin a hanya. Sa takunkumi, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. Sannan ka share saman tas, ka ɗora injin daɓe, a ɗaura masa shimfiɗar roba a ƙasa don kada ya kankare bulon. A nan masu gaggawa suke yanke hanya. Tsagin da ka ga ya cika, da injin ya bi ta kansa za ka ga yashin ya nitse, wani wurin ya yi rami sosai, saboda da ma a sama kawai ya maƙale, ƙasa fayau. Ƙara zubawa, sake bi da injin, har sai ya daina sauka. Inda injin ba ya shiga, ɗora katako ka buga da gudumar roba. A ƙarshe yashin ya tsaya kamar milimita 3 ƙasa da fuskar bulo. In ya zo daidai da saman, taya da takalmi ne za su fasa shi.

Share sauran da tsintsiya mai laushi, ka bi da injin hura iska a hankali. Duk ƙwayar da ta rage a sama tabo ce.

Ban ruwan yayyafi ake yi, ba feshi mai ƙarfi ba. Fara daga ƙasan gangara ka hau sama, yanki-yanki, kamar murabba'in mita 20 a lokaci guda. Ka yayyafa, ka ɗan dakata ya tsotse, ka sake. In ruwan ya yi kaɗan, saman ne kawai zai yi ɓawo kamar ƙanzo, ƙasa yana gari, bayan 'yan watanni ya farfashe. In ka ga farin ruwa mai kumfa yana gudu a kan bulo, ka wuce gona da iri, danƙon ne kake wankewa. Don ka tabbatar, tona wuri ɗaya da sukudireba ka ga ko laimar ta kai ƙasa, sannan ka mayar ka danne. Kuma ka guji tsakar rana, lokacin da bulo ya ɗau zafi yana busar da ruwan kafin ya shiga.

Ka gaya wa maigida tun da wuri: ba takawa sai bayan awa 24, mota kuma ta kwana a waje kwana 2 zuwa 3, ko yadda aka rubuta a jikin buhun.