Mumbarin cocinmu

Jiya bayan sujada na tsaya kallon sabon mumbarin cocinmu. Wani dattijo kafinta ne ya sassaƙa shi da maɗaci, ya zana zangarniyar dawa a gefensa maimakon inabin da muka saba gani. Wasu suna ta gunaguni wai ɓarnar kuɗi ce, katako lami ma ya isa. Ni kam ban yarda ba. Ku duba Fitowa sura 31: Allah ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya, azurfa, tagulla da sassaƙar itace, don alfarwar sujada a cikin jeji. Na ce wa kafintan, "Baba, sannu da aiki." Ya yi dariya, ya ce saura ƙofa.