Godiya ga Baban da ya ƙi karɓar injina jingina

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Jiya Asabar na kai cikon bashin da ke kaina, zuciyata kuwa ta ƙi bari in yi shiru.

Na kusa da ni sun san abin da ya same ni a daminar bara. Ruwa ya shiga shagona cikin dare, buhu 12 na masara da dawa suka jiƙe sharkaf, kafin kwana uku sun fara tsiro. Kayan nan bashi na ɗauko su wurin wani dattijo mai sayar da hatsi a kan sari. Abin da ya rage mini injin niƙa ne kaɗai, sai na aika masa ya turo a ɗauka jingina.

Da kansa ya zo. Ya tsaya a ƙofar gida cikin yayyafi, na yi na yi ya shigo ya ƙi, har na ɗauka fushi ne. Sai ya ce, "'Yata, mai bin bashi ba ya shiga gidan mutum ɗaukar jingina. Injin nan kuma shi ne tuwon 'ya'yanki. Je ki duba Maimaitawar Shari'a sura 24."

Daren nan na duba a cikin Littafi Mai Tsarki. Aya ta 6 ta hana Isra'ilawa karɓar dutsen niƙa ko ɗansa jingina, domin yin haka karɓar ran mutum ne. Duk wadda ta ga kakarta durƙushe kan dutse da asuba ta san dalili: ranar da ba a yi niƙa ba, gidan ya kwana da yunwa. Aya ta 10 da ta 11 suka ce mai ba da rance ya tsaya waje, mai gida ya fito masa da jinginar da hannunsa. Ko mayafin matalauci aka karɓa, sai a mayar masa kafin faɗuwar rana ya samu na rufa. Nan ne hawaye suka zubo mini. Ashe tsayuwar da ya yi cikin ruwa mutuncina yake karewa a gaban yarana.

Bai yafe bashin ba, ni ma ban so ya yafe ba. Ya buɗe littafinsa, muka yanka abin da zan riƙa kaiwa duk Asabar, bai ɗora ko kwabo a kai ba. Makon da na gaza, gaisuwa kawai yake aiko mini.

Baba, na gode. Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka, ya jiƙan mahaifanka, ya ba 'ya'yanka masu rufa musu asiri.

Matan zumunta da suka taya ni shanya abin da ya tsira, maƙwabtana Musulmi da Kirista da suka ci gaba da kawo niƙansu wurina ko da layi ya yi tsawo, da maigidana da ya sha haƙuri da ni, Allah ya saka muku da alheri.

Lahadi mai zuwa zan fito godiya a sujadar safe. Duk mai hali ya zo ya taya ni.